Zaren da Gajere Ya Fizgo

"Ja mana, Gajere! Hannunka ya mutu ne?"

Gajere na kwance a ƙarƙashin wani ƙaramin jirgin sama, ya gama ɗaura eriyar da ke sanar da hasumiya inda jirgi yake a sama. Saura waya. Surukinsa, babban makaniken wurin, shi ke masa tsawa, yana ciki rub da ciki tsakanin kujeru. Ya ƙulla wayar a farin zare, ya zuro zaren ta 'yar hudar da ke daidai ƙugunsa.

Gajere ya laluba, ya kamo farin zare. Ya ja, ya ƙi tahowa.

"Baba, ya cije fa."

"Yaran yanzu sai ci, ba ƙarfi! Mai jirgin tana hanya, fizgo shi!"

Ya fizga da hannu biyu. Zaren ya taho sulul har ƙarshensa, babu waya. Ga wani zaren can gefe yana lilo, ko taɓa shi ba a yi ba.

Sai ga sallamar Hajiya mai jirgin daga ƙofa.

Gajere ya dubi abin da ke hannunsa. Mazagin wando ne.

"Baba, don Allah kada ka tashi!"

"Rufe mini baki! Hajiya, barka da zuwa!" in ji Baba, ya miƙe zumbur.