Yatsa a Kan Ɗanyen Yumɓu

Yau ma an taɓa su. Hyang-suk ta ɗaga ƙyallen da ta rufe faranti da shi, ta ga duwatsun sarƙar da ta mulmula jiya, kowanne da shaidar babban yatsa a kumatunsa: layuka a zagaye, da ɗan tsagi a tsakiya.

Sana'arta ke nan tun da gwiwoyi suka hana ta tsayuwar kasuwa. Tana murza yumɓun roba, ta yi duwatsun sarƙa da 'yan kunne, ta yi musu fuska kafin ta gasa. Wasu ta birgima su cikin gishiri mai manyan ƙwayoyi, irin wanda ake tsuma kabejin kimchi da shi, in sun gasu ta jiƙa, gishirin ya narke ya bar ramuka. Wasu ta danna musu tsohon ƙyallen rama, wasu bayan kkaennip, wani ganyen ci mai faɗi, don jijiyoyinsa su fito. Abu guda ne ba a yafewa a wannan aiki: zanen yatsa. Shi ya sa take sa safar hannu ko da zafi zai kashe ta. Wuƙar yankan yumɓu kaɗai take cire wa safa, ita ma ta taɓa ɗanɗana mata kaifinta.

Mai shagon da ke saye a bakin tashar jiragen ruwan Mokpo, a ƙasar Koriya, ya riga ya dawo mata da kaya sau biyu.

"Umma," in ji Hyang-suk, "me na yi miki?"

Jeom-rye, uwarta, tana zaune a ƙasa tana tsinke wake. Ba ta yi boko ba, amma ta ci da 'ya'ya huɗu da gishirta kifi, tun tana amarya har bayanta ya ranƙwafa. Ba mace ce mai maimaita magana ba. Ranar farko ta ce ba ita ba ce. Ba a yarda ba, ta ja bakinta.

"Miyar jiya fa?" in ji Du-sik, mijin Hyang-suk, yana ɗaura takalmi. "Wa ya ƙara mata gishiri? Wa ya sa wayarki a firji? Shekaranjiya na tarar da ita zaune a matakala. Ƙofar nan mai gane zanen yatsa, wadda ko yaron goye ke ɗora wa yatsa ta buɗe, ita ta kasa."

"Ƙofarku ba ta san ni ba," tsohuwa ta ce.

"Kin ji ko? Mama, ƙofa ce, ba maƙwabciya ba."

Akwai gidan kula da tsofaffi a bayan gari, kuma Du-sik ya riga ya je ya gano shi. Hyang-suk ta ce a'a. Uwar da ta goya ta a rumfar kifi ba za ta ƙare a hannun baƙi ba. Ta sayo kwaɗo ta kulle ɗakin aikin, ta rataya makullin a wuyanta, ta shafe duwatsun da suka lalace ɗaya bayan ɗaya ba ta gaya wa kowa ba.

Da safe aka sake taɓa su.

Ta yi kuka, ta yi lallashi, ta caje aljihun tsohuwa da ƙarƙashin shimfiɗarta ko akwai wani makulli. Jeom-rye ta tsaya ana caje ta kamar ɓarauniya, tana kallon 'yarta da wani irin kallo da Hyang-suk ba ta so. Haka tsohuwa ta riƙa kallon mijinta, marigayi, lokacin da ya fara ruɗewa yana fita da takalmi ƙafa ɗaya.

Sai ranar da aka bar tandar gashin yumɓu a kunne. Hayaƙi mai ɗaci ya cika gidan, har maƙwabta suka buga ƙofa. Tsohuwa aka tarar a tsaye tana fizge wayar tandar daga bango.

Du-sik bai ɗaga murya ba. "Ke, yau tanda ce. Gobe gidan ne, da mu a ciki."

A wannan karon Hyang-suk ta yarda a kai ta gidan tsofaffin.

Ranar tafiya tsohuwa ta ɗaure kayanta da kanta a ƙunshi guda, ta ƙi a riƙe mata hannu. Har ta kai ƙofa sai ta juyo, ta shiga ɗakin aikin da ke buɗe, ta ɗauki ɗanyen dutse guda daga faranti. A gaban idonsu ta danna masa babban yatsanta da dukkan ƙarfinta, ta ajiye shi gefe.

"Umma! Har yau?"

"To, kin gani da idonki," in ji Du-sik.

Jeom-rye ba ta kalli 'yarta ba. Ta kama hannun rigar surukinta. "Kai, ɗan nan. Kada ka bar ta ita kaɗai da wuta."

"To, Mama, to. Mu je, mota na jira."

Gidan ya yi tsit. Hyang-suk ta daɗe a tsaye kafin ta ja kujera, don aiki ba ya jiran mai kuka. Ta ɗauki dutsen da uwarta ta lotsa za ta sake mulmula shi, ta kai shi bakin taga.

Lotsawar sumul take kamar cikin cokali. Babu layi ko ɗaya. Gishirin kifi ya cinye zanen yatsun tsohuwa tun kafin a ƙirƙiro ƙofar da ke neman su.

Ta ɗauko ɗaya daga na jiya ta ajiye kusa da shi: layuka a zagaye, da ɗan tsagi a tsakiya. Sannan a hankali ta zare safar hannunta na dama, ta juya babban yatsanta, ta ga tabon wuƙar yankan yumɓu kwance a tsakiyarsa.