Ƙarangiya a Kakin Aiki

Ƙarangiyar da ta soke ta a ƙafar wandonsa ce ta tsaya mata a rai. Shekara goma sha biyu tana wanke kakin mijinta ba ta taɓa cin karo da ƙaya ba. Me ya kai ƙarangiya kan simintin masana'antar haɗa motoci?

Tun da aka rufe masana'antar, masu abincin bakin ƙofa suka watse, maƙwabta suka tafi ci-rani. Shi kuwa kullum sai ya fita.

"Ni aka bari ina duba injuna," in ji shi.

Washegari ta zura hijabi ta bi sawunsa har hanyar Zango. Can ta hango shi duƙe cikin 'yan ƙwadago, yana cirar gyaɗa a gonar wani. Da aka tashi, ya zaro 'yar kwalba ya shafa baƙin mai a tafukansa da gaban rigarsa.

Ta riga shi isa gida, ta tarbe shi da ruwa.

"Sannu da aiki, Malam. Ya injuna?"

"Da godiya."

Tun daga ranar a ɓoye take tsince ƙarangiyar. Baƙin man kuwa ta daina dirzawa sosai, kada kwalbar ta ƙare da wuri.