Tamaular da Ta Bi Ruwa

Bugu ɗaya ya rage, daga shi sai mai tsaron gida. Yaron, ɗan elemantaren Haɗeja, ya goge ƙafarsa a ciyawar fadama, ya dubi tamaular. Ta fata ce, babu irinta a duk ƙasar Haɗeja, kuma Di'o, Baturen mulki, ya ce makarantar da ta ci wasan ƙarshe ita za ta tafi da ita. 'Yan elemantaren Haɗeja da na Guri kuwa tun la'asar suke kunnen doki.

Ya ja da baya, ya sheƙo, ya narka mata ƙafa. Ta haye sanda, ta haye Di'o da kujerarsa, ta faɗa tsakiyar kogi, ga ruwan damina ya cika ya batse.

Hedimasta ya hura usur. "Ba ci, ba tamaula. Kowa ya kama gabansa."

Yaron ya tsaya jiran zagi. Sai mai tsaron gidan Guri ya zo ya ba shi hannu.

"Sannu da ƙoƙari, ɗan birni. Mun gode."

'Yan Guri suka shiga kwalekwalensu ba gaggawa, suka bi bayanta. Ruwan dama garinsu ya nufa.