Agogo a Kan Tabarma

Jirgin tsohon malamin nan na Gagarawa ya kauce, ya faɗa can cikin gonar gero. Al'adar masu tashin ƙananan jirage a filin bayan Gumel ita ce, in na wani ya ɓace, kowa ya sauke nasa a tafi nema tare.

Mutum ɗaya ne dai a cikinsu bai sauke nasa ba. Jirginsa marar inji ya samu iskar da shirwa ke hawa, kuma shekara uku ke nan mutanen Maigatari suna fin sa daɗewa a sama.

"Ƙanena, sauko da shi mu je," in ji malamin.

"Ina zuwa, Malam."

Bai ɗauke ido daga sama ba, har wuyansa ya ƙage, yatsunsa suka mutu a kan rimot. Da jirgin ya sauka a gabansa, sai ya juya. "Minti nawa?"

Ba kowa. Mai duba lokacin ma ya tafi, ya bar agogon a kan tabarma yana ta gudu. Can cikin geron ana ta dariya.

Sun zuba masa shayinsa, sun rufe kofin da faranti don kada ƙuda ya faɗa.