Garejin Malam Gide

Tun kafin su fita daga ƙasar Ƙanƙara babur ɗin ya fara kukan ƙarfe. Da suka iso Sheme, ƙafafun ƙarfe biyun da ke riƙe da tayarsa ta gaba sun jiƙe sharkaf da baƙin mai, kuma babu ramin da Bilya bai ji shi a haƙoransa ba.

Bilya sabon duba-gari ne, takardar shaidarsa daga Zariya ko lanƙwasa ba ta yi ba. An tura shi Sabuwa, aka kuma rubuta masa cewa in bai kama aiki ranar Litinin ba, akwai mutum uku da ke jiran gurbin. Yau ce Litinin ɗin. Damina ta cinye hanyar mota, saboda haka ya roƙi Hadi, wani malamin gona da ya sayi babur da kuɗin ƙarin albashi na Udoji, ya kai shi ta daji. Sanin mako biyu ne tsakaninsu. Abin da Bilya ya sani game da shi bai wuce cewa goyon kaka ne a Ƙanƙara, kuma ba ya son magana ba.

Hadi ya ce waɗannan ƙafafun don kwalta aka ƙera su, ba za su kai mutum biyu da akwati Sabuwa ba. Mutum ɗaya ne a yankin ya iya ƙara musu ƙarfi.

Garejin mutumin rumfar kwano ce a jikin wani gida. Hadi ya kashe babur tun daga nesa, ya turo shi, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna ya yi gaisuwa idonsa a ƙasa. Malam Gide bakanike, tsoho mai hannu kamar itacen ƙirya, ya gaisa da Bilya sosai, har da tambayar gajiyar hanya. Hadi kuwa gyaran murya ya samu.

"Wanga babur an ci amanarshi," in ji tsohon, yana fuskantar wani mai shayi da ke gefe. "Mai shi bai san komi ba sai murɗa totur."

Ya ɗora babur a kan kututture, ya cire tayar gaba, ya tsiyaye man da ya rage, ya zaro sifirin biyun da ke cikin ƙafafun, ya jefa su cikin tarkace. Sai ya shiga gida ya fito da wasu a naɗe cikin tsumma, masu kauri, a goge, an riga an yanke su daidai tsawon ƙafafun. Bilya ya gane nan take: kwancen wani mataccen babur ne za a liƙa wa bawan Allah.

Aikin ya tafi da saurin da tsohon ya ga dama. Ya auna mai mai kauri da gwangwanin madara, ya zuba, bai gamsu ba, ya juye ya sake. Ya yanka tsohon tub na taya ya ɗaure a bakin ƙafafun saboda laka. Aka kira azahar. Aka turo ƙwaryar fura daga zaure, wadda ta kawo ba ta bari an ga fuskarta ba. Bilya ya duba agogonsa sau tara, ya yi wa Hadi raɗa cewa da gangan ake ɓata musu lokaci. Hadi ya ce ya yi haƙuri, ya ci gaba da zane a ƙasa da tsinke.

Bilya ya san irin waɗannan tsofaffin. An yi musu bayaninsu a makaranta: ba su ƙaunar ganin yaro da takarda da albashi. Ya miƙe, hannu a aljihu, ya kira tsohon da sunansa tsirara. Ya nuna masa baƙin man da ke gangarawa kwata, ya sanar da shi cewa takarda guda daga hannunsa ta isa a rufe rumfar.

"Ma'aikacin hukuma ya tuɓe maka takalmi, ko kallonsa ba ka yi ba," in ji shi. "Wane irin tsohon banza ne kai?"

Mai shayi ya daina kaɗa cokali. Malam Gide ya gama ɗaure noti na ƙarshe, ya sauke babur, ya danna kansa sau uku. Babur ya nutse ya taso, ko ƙis bai yi ba.

"A gaya ma mai shi, shi bi mashigin rafi a hankali," ya faɗa wa iska, ya shige gida.

Hadi bai sa hannu a aljihu don biyan kuɗin aiki ba. Bilya ya yaba da wannan, ya ɗauke shi a matsayin ramuwa.

Aikin dai ya yi kyau, abin da ya ƙara wa Bilya haushi. Babur ya riƙa haɗiye ramuka da saiwoyi kamar ba su. Suka wuce Faskari, suka wuce gonakin dawa, suka shiga dajin da ba a jin komai sai kurciya. Duk tsawon hanyar Bilya na zuba sharhi a kunnen Hadi: halin tsohon, warin tsohon, irin mutuwar da ta dace da tsohon. Ya ƙara da cewa yana tausayin duk wanda Allah ya haɗa shi gida ɗaya da wannan mutum.

Hadari ya haɗo daga gabas lokacin da Hadi ya taka birki. Ya nemi Bilya ya sauka. Ya kwance akwatin a natse, ya ajiye shi a kan busasshen wuri don kada ya ɓaci, ya nuna masa hanya da hannu. Ya ce in ya dage, gobe da hantsi zai ga Sabuwa.

Bilya ya yi dariya, sannan ya ga an juya kan babur. Ya tambaye shi ko lafiya.

"Ba a ɗaga murya gaban mahaifi, shi ya sa na bari sai nan," in ji Hadi, ya buga kik. "Ni ne ɗansa na fari."