Tazara Tsakanin Sarewa Biyu

"Matsar da shi! Sunansa ya shigo mini iyaka," in ji babanta, yana dangwala yatsa a fuskar kwamfuta.

Ita dai burinta ta rubuta busar sarewar kakanta da alamomin kiɗa kafin ta ɓace. Rabin busar na bakin babanta, rabi na bakin baffanta, su kuwa tun rigimar iyakar gona a Toranke ko gaisuwa ba sa yi. Da ƙyar ta haɗa su a gaban kwamfuta, ga shi manhajar rubuta kiɗan ta raba layin sarewa biyu, ta manne sunayensu kamar 'ya'yan gyaɗa a kwanso ɗaya.

Ta ƙara tazara.

"'Yata, ai nawa kika tura ƙasa," in ji baffan. "Nasa za ki ɗaga."

Ta ɗaga, babanta ya ce an cuce shi. Ta sauke, baffa ya fara laluben takalmansa.

"To, ku auna da kanku," in ji ta.

Suka sunkuyo, kowa da tsinkensa, suna awo suna musu. Ta ja da baya. A kwamfuta sunayen sun yi nisa da juna. A gabanta kuwa hulunansu sun haɗu, kafaɗa na gugar kafaɗa.