Takardar Gindin Gwangwani

Tsoho Ɗan Malam ne ya riga kowa a Zango gane cewa lalatacciyar madarar gwangwani ce ke kwantar da yara. Bai yi lakwal ba, wato karatun boko, amma shi ya kira ma'aikatan duba abinci.

Suka bi shago-shago har nasa. Ɗayansu ya ɓamɓare 'yar takarda a gindin gwangwani. Kwanan watan da ta rufe ya wuce tun bara.

"Baba, wa ya liƙa wannan?"

"Ni, da hannuna. Ɗana Mannir ya kawo, ya ce shaidar gwamnati ce."

Mannir kuwa tun safe ya hau motar Yamai.

Suna garƙame shagon, tsohon ya ɗaga murya: "Shekara arba'in ban cuci kowa ba! Mai musu ya fito ya dubi idona!"